Kada Ki Kunna Tanderun Sai An Fasa Tagar

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi da alayensa.

Zuwa ga ɗiyata Luba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kun sauka Mafara lahiya, ke da maigidanki. Ina gajiyar hanya, ina baƙunta, ina sabon wuri? Babanki yana gaishe ku, yana sa muku albarka. Allah Ya tsare ku, Ya sa kun shiga da ƙafar dama.

Bayan haka, ba labarin gida ya sa na ɗauki alƙalami ba. Ƙanwata Tumba ta dawo daga kasuwar Talata ta Mafara, ko mayafi ba ta ajiye ba ta shigo wurina. Ta ce ta bi ta bayan gidan koyon sana'ar mata inda za ki kama aikina na da, ta ga an toshe tagar sama ta ɗakin tanderu da bulo, har an shafe da siminti. Ta tambayi mai gadi, ya ce ɓarayi ne suka shiga ta nan suka kwashi waya, shi ya sa sabon shugaban wurin, Malam Bawa, ya sa aka rufe. Ya ƙara gaya mata ana jiran manyan baƙi daga Sakkwato, su ne za su yanke ko a bar gidan ko a rufe shi, kuma ana so ki yi tuyar tukwane ta farko kafin su iso. Tun da na ji wanga zance abinci bai yi mini daɗi ba.

Kin san hannun yumɓu, ban da shakka a kan wannan. Kin yi makaranta, kina iya karanta takardar da ta zo da tanderun, abin da ni ban iya ba sai da aka fassara mini. Amma kina ƙarama lokacin da na yi aikin, abin da kika gani kawai shi ne ana zuba kaya ana kwashewa. Don haka ki zauna ki karanta, zan gaya miki inda na yi tuntuɓe.

Sa'ad da ruwan madatsa ya taso ya cinye ramin yumɓunmu na ƙasan Dosara, wanda kakarki ta haƙa ni ma na haƙa, aka kwaso mu zuwa wanga tudu mai tsakuwa, na ɗauka ginin tukwane ya ƙare gare ni. Sai ga matar wani Bature injiniya, wadda muke kira Madan, tana neman maginan tukwane mata. Ta zo da tanderun lantarki daga ƙasarsu don sha'awarta, ta sa aka kafa shi a Mafara inda akwai wuta, ta tara mu. Ranar da na fara ganinsa na yi dariya. Ganga ce ta ƙarfe, tsawonta ya kai ƙirjina, cikinta farin bulo marar nauyi, da wayoyi a murɗe kwance cikin tsaga. Murfi a bisa, ramukan leƙe uku a gefe, sama da tsakiya da ƙasa, kowane da toshiyarsa. Ba kara, ba kashin shanu, ba toka. Na ce a raina, ai wannan wasan yara ne, abin da ba ya cin itace ina zai sami hayaƙi? A kan wannan tunani na gina kurakuraina duka.

Na farko ya zo da wuri. Madan za ta tafi Sakkwato, ta bar mini tuya, ta nuna mini in tokare murfin da guntun bulo, in bar ramukan a buɗe. Tana fita na dubi murfin nan a ɗage na ga ɓarna. Mu a matoya, inda muke toya tukwane da kara, rufe kaya muke yi ruf, mu lulluɓe da tsingaro da kara don kada zafi ya tsere. Na zare bulon, na toshe ramuka, na murɗa wuta sama don in gama da wuri in burge ta. Ba a jima ba na fara jin tas, tas, daga ciki, kamar ana gugguru. Na tsaya hannu a ka, ba damar buɗewa. Da ya huce na ɗaga murfi, na iske tsingaro. Waɗanda ba su fashe ba na karya ɗaya in gani, bayansa ja, zuciyarsa baƙa ƙirin kamar gawayi. Gumin da na kulle ya bi ƙarfe ya sa tsatsa, waya guda ta tsinke, muka yi zaman jiran a kawo sabuwa.

Madan ba ta yi mini faɗa ba. A tuya ta gaba ta ciro madubi daga jakarta ta kara a bakin ramin sama, ta nuna mini. Madubin ya yi hazo. Hausarta ba ta da yawa, ta ce, "Aminatu, ruwa. Ruwa fita. Ƙofa buɗe."

To ki riƙe wannan. Tukunyar da kika kara a kumatu kika ji sanyi ba ta bushe ba, ko da idonki ya ce ta bushe. Wadda ta bushe ɗin ma akwai ruwa a jikinta wanda sai wuta ke fid da shi. Ki tokare murfi kamar faɗin yatsu biyu, ki bar ramuka duka a buɗe, ki fara da wuta mafi ƙanƙanta. Ki riƙa kara madubi. Sai ya daina hazo za ki sauke murfi ki toshe na ƙasa da na tsakiya. Na sama kuwa ki bar shi har cikin ya yi ja, warin ya yanke. Yumɓun fadama cike yake da saiwar ciyawa da ruɓaɓɓen ganye, dole su ƙone su fita, kuma ba su ƙonewa sai da iska. In kin hana su hanya, cikin tukunya za su zauna, su kuma ci miki wayoyi.

Na biyu ya fi wannan ciwo, don wata ce ta sha wahalarsa. Na ɗauka tunda wayoyi sun zagaye ko'ina, zafi ɗaya ne daga gindi har murfi. Na jera manyan tuluna a ƙasa, na cusa su har suna gogar juna, na ɗora ƙananan kofuna a faifan sama, cikin fayafayan bulo da ake jera kaya a kansu hawa-hawa. Kin san ’yan tsinin yumɓun nan da Madan ta bari cikin gwangwani, waɗanda ke lanƙwasa kai in zafi ya kai inda ake so. Ɗaya kawai na sa, daidai ramin tsakiya. Ya sunkuya, na kashe wuta. Da na buɗe, kofunan sama sun lotsa, ruwan ƙyallin da muka shafa musu ya zube ya manne da faifai. Tulunan ƙasa kuwa ga su ja, kyawawa. Na ƙwanƙwasa ɗaya da yatsa, bai yi ƙara ba, ya amsa mini dum. Kunnena ya ji, amma na ce ai launinsa ya yi, na fitar da su kasuwa.

Wata mata daga Garbadu ta sayi babba don sunan jikarta. Talata ta zagayo sai ga ta tana ɗingishi, da wuyan tulu a hannu, ƙafa ɗaure da tsumma.

Ta ce, "Ke ce maginiyar?"

Na ce ni ce.

Ta ce, "Kunu na zuba mai zafi, na ɗauka zan kai wa mata, gindin ya zauna ƙasa ya bar ni da wanga. Da jinjirar na kwance a gabana fa? Ki gaya mini, toya shi kika yi ko shanya shi kika yi?"

Na durƙusa a gabanta. Na kwance tsumman na ga ƙafar, fata ta saɓule. Har yau in na ji tukunya ta ce dum sai in ga wagga ƙafa.

Zafi hawa yake yi, Luba. Gindin tanderu ya fi ko'ina sanyi. Ki sa tsini a kowane faifai, inda za ki hango shi, kada ki yarda da guda ɗaya. Kaya masu kauri su zauna tsakiya. A ƙasa ki sa marasa nauyi, ki ba su fili, ki ɗaga faifan ƙasa daga daɓe don zafi ya ratsa ƙarƙashinsa. Kada komai ya matsi waya, ki bar faɗin yatsu uku. Fayafayan da suke rabi-rabi kada ki daidaita su, ki sa ɗaya ya fi ɗaya tsawo, zafi ya sami hanyar zagayawa. In kin leƙa, da baƙin gilashi a idonki, kika ga sama ya yi ruwan lemo ƙasa yana ja mai duhu, ki rage maɓallin sama ki jira ƙasa ya kamo shi. In tsini ya fara sunkuyawa kada ki yi saurin kashewa, ki rage wuta ki riƙe ta a nan kamar tsawon karatun izu biyu, sai zafin ya bazu daidai. Ki fara bayan asuba, don da magariba kowa ya kunna fitila wutar Mafara rauni take yi, tanderu ya yi ta nishi ba ya hawa. In an ɗauke wuta ki toshe ramuka ki yi haƙuri, kada ki ɗaga murfi ki duba. Kafin kowace tuya ki kunna shi wayam ki ga ko duk wayoyin sun yi ja, don in ɗaya ta mutu wannan gefen ɗanye zai fito. Kuma abin da bai yi ƙara ba ki fasa shi da hannunki, ko wa ke jira.

Waɗannan duka asarar kaya ce da kunya. Na uku shi ne dalilin wasiƙar nan.

Madan ta riga ta koma ƙasarsu, tanderu yana hannuna. Lokacin ɗakin taga ɗaya gare shi, ƙarama, daidai ƙugu, sai ƙofa. Damina ta yi tsakiya. Mun kunna da safe, da azahar kaya sun shiga lokacin wari, ramin sama a buɗe yadda aka koya mini. Sai hadari ya taso daga gabas da iska, ruwa yana shigowa a karkace ta taga, yana nufar inda wayoyin wuta suka shiga bango. Na tsorata kada ruwa ya haɗu da lantarki. Na rufe taga, na rufe ƙofa, na cusa buhu a ƙarƙashinta. Na ba tanderu hanyar numfashi, na hana ɗakin. Mu biyu ne ciki, ni da Tumba, tana zaune a ƙasa tana murza yumɓu.

Da farko wari ne kamar an ƙyasta ashana, yana kama maƙogwaro. Muka yi tari muka yi dariya. Can sai na daina jin warin, na ce alhamdu lillahi ya wuce. Ashe hancina ne ya gaji. Kaina ya fara sara. Tumba ta ajiye yumɓu ta ce, "Yaya, barci nike ji wani iri. Bari in ɗan kishingiɗa kafin ruwan ya tsagaita."

Na ce ta kwanta. Ni kuma na shimfiɗa ɗankwali a lungu na ta da sallar la'asar. Na fara Fatiha, na kai tsakiya, sauran ya ɓace mini. Na sake farawa, ya sake ɓacewa. Ni da aka haifa a gidan allo, na auri mai allo. A nan gabana ya faɗi, na san ba lahiya ba. Na yanke sallar, na juya in kira Tumba, ƙafafuna suka narke kamar ɗanyen yumɓu. Da rarrafe na kai ƙofa. Buhun da na cusa da hannuna ya riƙe ta, na ja ta ƙi, na sake ja ta ƙi. Ban san yadda na zare shi ba. Iska ta bugo ƙofar ta buge ni a goshi, tabon ne kike gani. Na koma na kama ƙafafun Tumba na ja ta waje cikin ruwa. Ina kiran sunanta, ina marinta, kanta yana lilo.

Wata tifa ta masu aikin hanyar ruwa ta tsaya, suka ɗauke mu zuwa asibiti. Tumba ba ta buɗe ido ba sai da aka sa mata abin numfashi. Likitan ya ce mini iskar da ke fita daga yumɓu iri biyu ce, mai wari da marar wari, kuma marar warin ita ke kisa, ba ta da launi, sallamarta ciwon kai ne da barci mai daɗi. Ya ce da na idar da sallar nan, da mu biyu za a yi wa salla.

Tumba ta tashi, amma kin san tarinta, kin san ba ta iya ɗaukar tulu daga rijiya. Tana da ƙaramin ciki a lokacin, bai tsaya ba. Ba ta taɓa ɗora mini laifi ba, ta ce ƙaddara ce, kuma ƙaddara ce, amma hannuna ne ya cusa buhun. Ina gaya miki wannan ne don na ga yadda kika kau da kai daga miyar daddawa kafin ku tafi, na ga kina tofar da yawu a ɓoye. Ba zan ce komai ba tunda ba ki ce ba. Amma ki sani ba numfashinki kaɗai za ki shiga da shi ɗakin nan ba.

Bayan abin ya faru, babanki ya bar ɗalibansa ya zo Mafara da guduma, ya nemi izini, ya fasa bango can sama kusa da rufi, a bayan tanderu. Ita ce tagar da aka toshe. Aikinta daban ne da na ƙaramar. Iska mai kyau tana shigowa ta ƙasa, ta ƙofa da ƙaramar taga, mugunyar ta hau da zafi ta fita ta sama. In babu ta sama, sai ta taru a rufi ta riƙa saukowa har ta iske kan mutum. Fankar da aka liƙa a tagar daga baya waje take fuskanta, tana jan iskar ɗaki tana fitarwa. Kada wani ya ce miki zai kawo fanka ta tsaye ta wadatar. Wannan motsa gubar kawai za ta yi, in kuma ta hura jikin tanderu sai gefe ɗaya ya huce kaya su tsage. In ruwa ya zo, rumfa ake yi wa taga daga waje, ba a rufe ta. Kuma kada ki zauna ciki lokacin wari, ke ko matan da kike koya wa. Ki shiga ki duba ki fito. Wadda duk ta ce kanta na ciwo ko tana jin barci, ku fita gaba ɗaya, a yi maganar daga baya.

Akwai kuskure na huɗu, shi ne ya kawo mu yau. Da ciwon gwiwa ya sa na bar aikin, na tattara kayana na yi sallama na taho, ban zaunar da kowa na gaya masa dalilin tagar ba. Nauyin maganar nake ji, ina ganin kamar tonon asirin Tumba ne. Shugabanni suka canza, tanderu ya yi zaman banza, wanda ya sani ya tafi. Don haka kada ki ɗauki Malam Bawa mugu. Mutum ne ya ga rami a bango, ɓarawo ya shigo ta nan, ya toshe. Ni ma da ban sani ba haka zan yi. Kuma yana tsoron a rufe gidan, matan da ruwa ya ci gonakinsu su rasa inda za su kama. Tsoronsa na gaskiya ne.

Na san halinki, irin nawa ne. Babba ya ce ki yi, sai ki sunkuyar da kai ki ce to. Wannan karon kada ki ce to. Ki sami maigidanki ki karanta masa wasiƙar nan, ku tafi tare. Ki gaishe da Malam Bawa gaisuwa cikakka, ki tambayi iyalinsa, kada ki fara da taga. Sannan ki ce, "Ranka ya daɗe, ina son tuyar nan ta yi kyau kamar yadda kake so, amma ɗakin ya taɓa kusan kashe mata biyu, ɗaya uwata ce." Ki ba shi labarin duka, na tambayi Tumba ta ce a faɗa, har da abin da ta rasa. Ki kawo masa mafita, kada ki kai masa ƙi kawai. A cire bulon a sa sandunan ƙarfe, maƙeran Mafara za su yi shi cikin yini, ɓarawo ba ya wucewa, iska tana wucewa. In ya ce lokaci ya ƙure, a yi wannan tuya ɗaya tukuna a gyara daga baya, ki ce masa ɗaya ce ni ma na yi. In ya ce akwai wadda za ta kunna in ke ba ki kunna ba, ki tafi ki gaya wa wannan matar abin da na gaya miki, a gabansa in ta kama. In aikin ya tafi, ya tafi. Na samo yumɓu mai kyau wajen Ruwan Gizo, kara bai ƙare a duniya ba, matoya tana nan.

Ban yarda takarda kaɗai ta isa ba. Na gaya wa babanki zan shiga motar Talata mai zuwa, ya ce Allah Ya kiyaye hanya. Gwiwar za ta kai ni. In na iske an fasa tagar, zan ɗaura zane in taya ki jera kaya, in nuna miki faifan da ke da tsaga da ramin da toshiyarsa ke zamewa. In na iske bulo yana nan, zan sa a tallafa mini in hau bisa murfin tanderun in zauna da carbina. Sai in ga wanda zai murɗa maɓallin da tsohuwa a kai.

Allah Ya tsare ki daga abin da ido ke gani da wanda ba ya gani. Ya tsare numfashinki da na wanda ke tare da ke, Ya tsare matan da za su zauna a gabanki. Ya sanyaya zuciyar Malam Bawa, Ya ba shi fahimta, Ya sa baƙin su zo su ga alheri su bar gidan a buɗe. Ki gaishe da maigidanki da kyau. Allah Ya yi miki albarka, Ya sada mu da lahiya. Amin.

Wassalam.

Ni ce uwarki,
Aminatu maginiya, Maradun.